Tsamin jiki bayan motsa jiki: in ci gaba ko in haƙura?

Auwalu Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Likita ne ya ce jinina ya fara hawa kuma tumbi ya yi yawa in dinga motsa jiki, to na fara fita sassarfa bayan sallar asuba, ran Asabar kuma wani abokina ya ja ni muka je Dutsen Dala muka hau muka sauko muka sake hawa. Ranar lafiya ƙalau na dawo gida har kasuwa na je, amma wallahi jiya Lahadi da yau Litinin cinyoyina sun ƙi ni, saukowa daga bene sai na kama ƙarfe, ruku'u da ƙyar, tashi daga zaman tahiya sai na dafa ƙasa. Uwargida ta ce in rabu da abin nan tunda ni ba yaro ba ne na haura arba'in. Shin haka abin yake ko dai na ji wa kaina ciwo ne? Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, me ya sa ranar da na sha wahalar ban ji komai ba sai daga baya?

Sadauki Mai Ƙarfe:
Wa alaikumus salam. Yaya Auwalu ci gaba kawai, wannan shi ne alamar aikin ya shiga jiki. In ka yi atisaye jiki bai yi tsami ba to wasa ka yi. Gobe ka koma Dalan ma ka ƙara a kan na ran Asabar, tsamin da kansa zai gudu. Wuya ba ta kisa.

Maman Hanifa:
Haba Sadauki, mutum ya ce maka hawan jini gare shi kuma ya haura arba'in ka ce ya je ya ƙara? Kai shekararka nawa shi shekararsa nawa. A bi a hankali dai don Allah.

Musa Lebura:
Alhaji ka je kemis ka ce a haɗa maka na ciwon jiki, akwai diclofenac akwai ibuprofen, in ya yi tsanani akwai wanda ya fi su ƙarfi ma ka san shi. Mu da muke ɗaukar bulo da siminti tun safe har magariba da shi muke tashi washegari.

Sista Rabi:
Malam Musa don girman Allah kar ka ba shi wannan shawarar. Mai hawan jini ba a son ya dinga shan diclofenac da ibuprofen barkatai, suna iya ƙara hawan jinin, suna cin ciki su jawo olsa, kuma in mutum ya yi gumi sosai jikinsa ba ruwa ya zo ya ɗora su a kai ƙoda ce take shan wahala. Wanda ka ce ya fi ƙarfin nan kuwa in tiramol kake nufi to ka ga yadda ya ɗaiɗaita mana matasa, farfaɗiya yake sa wasu, wasu kuma ba sa iya rabuwa da shi. Bari Malam Kabiru ya shigo tunda fanninsa ne ya yi bayani.

Malam Kabiru Fisiyo:
Salamu alaikum. Alhaji Auwalu kwantar da hankalinka, abin da ka kwatanta sananne ne ƙwarai kuma kusan duk wanda ya fara motsa jiki ko ya daɗe bai yi ba ya koma sai ya gamu da shi. Yana farawa ne wajen awa 12 zuwa 24 bayan aikin, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya fara sauka, yawanci cikin kwana 5 zuwa 7 ya wuce. To ka ga Asabar ka hau, Lahadi ya fara, yau Litinin kana tsakiyarsa kenan, daidai lissafin.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba hawan ne ya fi yi maka wannan aikin ba, saukowar ce. Lokacin da kake hawa tsokar gaban cinya tana takurewa ne ta ɗaga ka, numfashi ne yake shan wahala, kana haki zuciya na bugawa. Amma in kana saukowa tsokar nan tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyinka duka kar ka gangaro, kowane taku sai ta ja maka birki, to wannan aikin na miƙewa ana riƙe da nauyi shi ne yake 'yan ƙananan tsage-tsage a cikin zaren tsokar waɗanda ido ba ya gani. Daga nan jiki ya turo jini da ƙwayoyin gyara wurin, wurin ya ɗan kumbura daga ciki, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su zama abu kaɗan ya taɓa su sun amsa. Wannan gyaran ba nan take yake kankama ba, shi ya sa ka je kasuwa ran Asabar garau. Kuma shi ya sa ka ce saukowa daga bene ta fi yi maka wuya, na tabbata hawa benen bai kai saukowar zafi ba.

Labari mai daɗi shi ne jiki yana koyo. In ka warke ka koma ka yi irin wannan aikin tsamin ba zai kai na yanzu ba, kuma wannan kariyar tana ɗaukar makonni tana nan. Don haka ba cuta ba ce, kuma ba dalilin barin motsa jiki ba ne, ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Amma kuma ba gobe za ka koma Dala ba kamar yadda ƙanenmu Sadauki ya ce.

Auwalu Ɗorayi:
Wallahi Malam haka ne, hawa benen da sauƙi, saukowar ce tashin hankali. Allah ya saka da alheri.

Malam Sanusi PHE:
Malam Kabiru ina da ja kaɗan. Mu abin da aka koyar da mu kuma muke koya wa ɗalibai shi ne laktik asid ne yake taruwa a tsoka idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, shi ne yake kawo gajiya da tsamin jiki, shi ya sa ma ake cewa a yi tausa a fitar da shi. Ban ga ka ambace shi ba ko kaɗan.

Malam Kabiru Fisiyo:
Malam Sanusi na san za a zo nan, kuma ba laifinku ba ne, maganar ta daɗe a littattafai. Asalinta tun farkon ƙarni na 20 ne, lokacin da masana irin su A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus suka yi bincike a kan tsoka, da yawansa a kan tsokar kwaɗi da aka cire daga jiki, har suka sami kyautar Nobel ta shekarar 1922. Aikinsu babba ne, sai dai daga nan mutane suka ɗauki laktik asid suka ɗora masa laifin komai. Amma ka duba wannan: in aka auna jinin mutum bayan ya gama gudu mai tsanani, cikin kamar awa ɗaya laktet ɗin, wato abin da ake kira laktik asid ɗin, ya koma yadda yake. To abin da ya bar jiki tun ran Asabar da hantsi ta yaya zai hana Alhaji Auwalu ruku'u ran Litinin? Kuma saukowa daga dutse ba ta tara laktet kamar hawa, amma ita ce ta fi kawo tsami. Tun 1902 ma wani Ba'amurke Theodore Hough ya rubuta cewa wannan tsamin na bayan kwana daga 'yar ɓarnar da aka yi wa zaren tsoka yake. Daga baya George Brooks na jami'ar Kalifoniya a shekarun 1980 ya nuna laktet ɗin ma makamashi ne, zuciya tana ƙona shi, wasu tsokokin suna ƙona shi, hanta tana mayar da shi sukari.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai zafin da kake ji a cinya kana cikin gudun ko kana cikin tsuguna-tashi, wanda da ka tsaya minti biyu uku ya lafa. Wannan yana zuwa ne tare da taruwar abubuwa da yawa a tsokar lokacin da take aiki da ƙarfi, laktet yana tashi a lokacin gaskiya ne amma ba shi kaɗai ba ne a wurin. Sannan akwai tsamin washegari, wannan kam ba ruwan laktik asid.

Malam Sanusi PHE:
To na ji bayanin kuma akwai hujja a ciki. Sai dai ni a aji dole in koyar da abin da ke cikin manhaja don shi za a tambaye su a jarrabawa. Kuma tausar fa? Don ni na ga tana aiki da idona.

Malam Kabiru Fisiyo:
Tausa tana rage jin tsamin, ban musa ba, ruwan ɗumi ma haka, man zafi ma yana ɗauke hankalin jijiya na ɗan lokaci. Kawai dai ba wani abu suke matsowa waje ba. Kuma a yi ta a hankali, ba irin ta hawa kan mutum a tattaka shi ba.

Baba Alhaji Garba:
Salamu alaikum yarana. Jikana ne yake karanta min yana rubuta min. Ni ban san sunayen Turawan nan ba amma abin da Malam Kabiru ya faɗa mun san shi tun muna yara a gona. Duk wanda ya yi rani yana zaune, ruwa ya sauka aka yi shuka aka shiga noman fari, to kwanakin farkon nan ƙugunsa da bayan cinyarsa da kafaɗa ba ya iya juyi a kan tabarma da dare. Ba wanda yake cewa ya kamu da cuta, kuma ba wanda yake ajiye fartanya ya ce ya bar noma. Abin da iyayenmu suke yi shi ne ba sa ba yaro kunya mai tsawo ranar farko, a ba shi daidai ƙarfinsa, rana ta take a koma inuwa a sha fura, da daddare a gasa jiki da ruwan zafi a kwanta da wuri. Kafin a kai maimai jiki ya saba, mutum ya wuni a sunkuye ba ya jin komai. Auwalu ɗana kada ka bari, amma kada ka yi gaggawa. Kuma ka yi sallarka yadda jiki ya ba ka dama, addini bai matsa maka ba.

Auwalu Ɗorayi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sadauki Mai Ƙarfe:
Baba ya gama magana, ai abin da nake faɗa kenan, manomi ba ya hutawa don jikinsa ya yi tsami.

Maman Hanifa:
A'a Sadauki ba abin da ka faɗa kenan ba, kai cewa ka yi ya ƙara, Baba kuwa cewa ya yi a ba mutum daidai ƙarfinsa. Karanta da kyau.

Koci Nura:
Ni bari in ja maganar zuwa gajiyar da ake ji ana cikin atisayen, don a nan ne nake ganin mutane suke kasa fahimtar jikinsu, kuma ina horar da yara ƙwallo a unguwa kullum ina fama da wannan. Yara iri biyu ne suke ba ni wahala. Na farko da ya ji cinya ta fara zafi numfashi ya fara sama sai ya tsorata ya zauna a bakin fili ya ce Koci ƙafata, alhali ba abin da ya same shi, bai taɓa jin wannan yanayin ba ne kawai. Na biyu kuma agararsa tana ciwo tun sati biyu yana ɗingishi in ba na kallo, in na juyo ya miƙe, don kar a cire shi daga wasan gasa. Na farkon nan yana buƙatar ya koyi zama da gajiya, na biyun yana buƙatar ya koyi tsayawa, kuma wallahi na biyun ya fi ba ni tsoro.

Abin da nake gaya musu shi ne gajiya tana da kama. Tana zuwa a hankali ba farat ɗaya ba, tana kama tsoka gaba ɗaya ba wuri guda da za ka nuna da yatsa ba, tana kama ƙafa biyun ba ɗaya ba, kuma in ka rage gudu ta ragu. Ƙafa ta yi nauyi, cinya ta ɗau zafi, hannu yana rawa a ɗagawar ƙarshe, duk wannan gajiya ce ka bar ta ta zauna tare da kai, ka daidaita numfashi ka ci gaba. Amma abin da ya soke ka lokaci guda, ko ka ji ƙas ko wani abu ya tsinke, ko ciwon yana cikin gwiwa ko idon sawu ko ƙashi, ko ya sa ka canja yadda kake taka ƙasa, wannan ba a jarumta da shi, fita fili.

Akwai wani likitan wasanni na Afirka ta Kudu Tim Noakes na jami'ar Kef Tawun da ya yi fice da ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa ce take sa maka jin gajiya tun kafin tsoka ta ƙare da gaske, don ta kare ka. Masana ba su haɗu a kan duk abin da ya faɗa ba, amma ni a fili na ga alamarsa, yaron da ya ce ba zai iya ƙara taku ɗaya ba da ka ce saura zagaye ɗaya a tashi sai ka ga ya zura da gudu. Ina ƙarfin ya fito? Dama yana nan. Don haka jin gajiya ba yana nufin ka ƙare ba ne. Amma fa wannan ba lasisi ba ne na a kashe yaran mutane da tsallen kwaɗo a rana.

Ummi Zariya:
Koci na gode da wannan. Ni matsalata kenan, ina bin atisaye a YouTube a ɗaki, da na ji ƙafata ta fara rawa sai gabana ya faɗi in kashe wayar. To ta yaya zan san na kai inda ya kamata in tsaya?

Koci Nura:
Ƙanwata ga ma'auni mai sauƙi. In kina tafiya da sauri ko sassarfa kuma kina iya magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba amma ba za ki iya rera waƙa ba, to kina matsakaici, nan ake son yawancin aikinki ya kasance. In kalma biyu uku kawai kike iya fitarwa kin shiga mai tsanani, ana yin sa amma gajere. A tsuguna-tashi ko ɗaga wani abu kuwa ki tsaya lokacin da kika ji saura kamar biyu ko uku ki kasa, ko kuma da kin ga tsayuwarki ta fara lalacewa baya yana lanƙwashewa gwiwa tana shigewa ciki. Rawar ƙafa ita kaɗai ba komai ba ce, tsoka ce ta gaji.

Sista Rabi:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Koci don kar wani ya karanta ya ɗauka kowace gajiya ce ake daurewa. Ciwon ƙirji ko jin an danne ƙirji, jiri, ganin duhu-duhu, bugun zuciya da ya rikice, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, waɗannan a tsaya nan take a nemi asibiti, musamman irin su Alhaji Auwalu masu hawan jini da masu ciwon suga. Sannan in kana da zazzaɓi kada ka fita, ciwon jikin maleriya daban ne da tsamin atisaye, wasu sai su ce bari in je in yi gumi ya fita, ba ya fita, ƙara galabaita za ka yi.

Na biyu kuma wanda na gani da idona a wurin aiki. An kawo mana wani saurayi yana shirin shiga aikin ɗamara, ya je ya yi tsuguna-tashi ɗaruruwa rana ɗaya a cikin zafin bazara don ya gwada kansa, washegari cinyoyinsa suka kumbura suka yi tauri ba ya iya lanƙwasa su, fitsarinsa ya koma kalar Coca-Cola kuma ɗan kaɗan yake fita. Abokansa suna ce masa tsamin jiki ne ya daure, har maganin ciwon jiki suka saya masa ya ƙara a kai. Abin da ya faru tsokar ce ta farfashe da yawa, abin da ke cikinta ya zubo cikin jini ya je ya toshe ƙoda, likitoci suna ce masa rabdo. Ƙarin ruwa aka yi ta yi masa leda bayan leda kwana da kwanaki, Allah ya taimake shi bai kai ga wankin ƙoda ba, amma wasu suna kaiwa. Don haka duk wanda jikinsa ya yi tsami ya dinga kallon fitsarinsa. In ya yi duhu irin haka, ko kumburin ya yi yawa, ko raunin ya wuce misali, ba a kwana da shi a gida.

Sadauki Mai Ƙarfe:
Subhanallah. Anti wannan kam ban taɓa ji ba. Amma dai irin wannan ba kasafai ba ne ko? Don mu a wurin ɗaga ƙarfenmu sabon zuwa ranar farko sai mun gasa shi don a ga ko zai dawo.

Sista Rabi:
Ba kasafai ba ne amma sabon zuwan da kuke gasawa shi ne daidai wanda abin ya fi kamawa, wanda bai saba ba, aka ɗora masa aiki mai yawa iri ɗaya, ga zafi ga ƙarancin ruwa. Kuma Sadauki kun taɓa tambayar sabon zuwa jinotayif ɗinsa? A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau yana wasanni har ya zama zakara, amma in aka matsa masa da gudu mai tsanani ba hutu cikin zafi yana cikin waɗanda suka fi haɗarin faɗuwa da irin wannan matsalar, shi ya sa a Amurka ake gwada 'yan wasan jami'o'i. Ku bar mutum ya huta in ya ce zai huta.

Malam Kabiru Fisiyo:
Sadauki kuma in gyara maka wani abu, tsami ba shi ne ma'aunin ci gaba ba. Kai da ka daɗe kana ɗagawa ai ka san akwai watannin da ba ka jin tsami sosai amma nauyin da kake ɗagawa yana ƙaruwa ƙwanji yana fitowa. Ma'auni shi ne abin da ka kasa watan jiya yau ka iya. Tsami yana nuna ka yi abin da jiki bai saba ba ne kawai.

Sadauki Mai Ƙarfe:
Malam na yarda da rabin maganar. Amma ni har gobe in ban ji jikina ya amsa washegari ba raina ba ya kwanciya, kuma mutanenmu lalaci ya yi musu yawa in ka ce su saurari jikinsu to jikin kullum cewa zai yi a kwanta. Gasa sabon zuwa dai zan yi wa yaran magana a rage.

Maman Hanifa:
To ni tambayata ta mata ce. Muna da ƙungiya a unguwa muna zagaya filin makaranta da safe bayan yara sun tafi, akwai wata a cikinmu ba ta daɗe da yaye ba, kullum ita ce take fara gajiya, ba tsamin tsoka ba, kasala ce da haki ko tafiya kaɗan aka yi, wata biyu kenan ba ta saba ba alhali mu duk mun saba. Ita ma daurewa za ta yi?

Sista Rabi:
A'a Maman Hanifa, wannan ta je a auna jininta. Gajiyar atisaye tana raguwa ne mako bayan mako, wadda ta ƙi raguwa wata biyu akwai abin da ke ƙarƙashinta, kuma a mata masu haihuwa da shayarwa abu na farko da ake dubawa ƙarancin jini ne. Ki duba cikin fatar idonta da tafin hannunta ko sun yi fari, amma dai gwajin shi ne gaskiya, ba shi da tsada. Wani abin kuma, masu shan maganin rage kitsen jini wasunsu yana sa musu ciwon tsoka, in mutum yana sha ya ga ciwon ya ƙi tafiya ya gaya wa likitansa, kar ya daina da kansa.

Auwalu Ɗorayi:
To Malam Kabiru a taƙaice yanzu me zan yi gobe? In kwanta har ya wuce ko in fita?

Malam Kabiru Fisiyo:
Ka fita amma tafiya kawai a shimfiɗaɗɗiyar hanya minti 20 zuwa 30, za ka ji minti biyar ɗin farko da wuya sannan jiki ya saki, in ka dawo ka zauna zai ɗan dawo, ba komai. Kwanciya gaba ɗaya ba ta sa ya warke da wuri. Ka sha ruwa sosai, ka yi barci awa 7 ko fiye, ka ci abin da zai gina tsokar, wake, ƙwai, kifi, nono, awara, gyaɗa, ba sai ka sayi garin gwangwanin nan mai tsada ba. Dala kuwa sai tsamin ya tafi, kuma hawa ɗaya ya isa a karon farko, ka sauko a hankali. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, ka ga minti 30 sau biyar ya kai ka. Tsokar da ka ba wa wuya yau ka ba ta kamar awa 48 kafin ka sake matsa mata. Maganin hawan jininka kuma kar ka ajiye don ka fara gudu.

Musa Lebura:
Duk na karanta kuma na gode Sista ban ji haushi ba. Amma ku duba mana, ku kuna maganar a huta awa 48, ni in na huta awa 48 me yara za su ci? Ku gajiyar ku kuka neme ta da kanku don lafiya, mu ita take nemanmu. Ranar da ake zuba dakin, wato kankaren saman bene, tun bakwai na safe kwano yana kaina ina hawa ina sauka har a gama, washegari in wani aikin ya samu dole in tashi. Ba don daɗi muke shan ƙwayar nan ba.

Koci Nura:
Wallahi Malam Musa maganarka gaskiya ce kuma ta taɓa ni. Ba wanda zai ce maka ka zauna a gida.

Sista Rabi:
Malam Musa na fahimce ka kuma ba raina wahalarka na yi ba, mahaifina ma da ƙarfinsa ya ciyar da mu. Ga abin da zai yiwu ba tare da ka rasa aikin yini ba. Ka je da jarkar ruwanka ka dinga kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka, ranar zafi sosai ka jefa ORS guda a ciki. Kar ka fara aiki da cikin wofi, ko ƙosai da koko ne ka sa wani abu. In ciwon ya hana ka barci parasitamol ya fi sauƙi a kan ƙoda da ciki, shi ma kar ka wuce yadda aka rubuta a jikin kwalin, kuma kar ka haɗa diclofenac da ibuprofen lokaci guda don aikinsu ɗaya ne, illar ce kawai take ninkuwa. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna ka daina karɓa, ba ka san me ke ciki ba. In kuma ka riga ka saba da tiramol kullum to kar ka yanke shi rana ɗaya, yana da wahalar bari, ka zo asibiti a rage maka a hankali, ba wanda zai kama ka don ka zo neman taimako. Ka yi min magana ta akwati in gaya maka ranar da ake ganin masu irin wannan, kuma ka taho da kwalayen duk abin da kake sha a gani, a auna maka jini da fitsari tunda ka daɗe kana sha.

Musa Lebura:
To Sista zan turo miki saƙo in na tashi daga aiki in sha Allah. Akwai abokan aikina biyu su ma in za a gan mu tare.

Sista Rabi:
Ku taho tare, ku zo da wuri kafin layi ya yi tsawo.